MOTA MAI LANTARKI A DOGUWAR TAFIYA: ƘARFE NAWA ZA A ISA?

Duk wanda ya taɓa shiga mota domin doguwar tafiya ya san tambayar da ake yi ma direba tun ba a bar gari ba: "Ƙarfe nawa za mu isa?" A da amsar ba ta da wuya. Direba ya san nisan hanya, ya san ƙarfin motarsa, sai ya ƙara lokacin hutu da na cin abinci, ya faɗi abin da ya samu. Shan mai ba ya shiga lissafi, domin minti 5 sun isa a cika tanki.

Amma yau a ƙasashen Turai, da Amurka, da Sin, akwai miliyoyin motoci waɗanda ba su shan mai ko ɗigo, sai wutar lantarki da suke ajiyewa cikin batir. A ƙasar Norwe, cikin sababbin motocin da aka saya a shekarar 2024, wajen kashi 89 bisa ɗari masu lantarki ne zalla. Ga masu irin waɗannan motoci, tsohuwar tambayar nan ta zama sabon lissafi. Nisa da gudu ba su isa ba da amsa ba. Sai an san wuta nawa motar za ta ci, ina za a tsaya a ƙara mata, minti nawa za a yi a kowane zango. Wanda ya iya lissafin ya isa gida bisa lokaci. Wanda ya raina shi kuwa yana iya kwana bakin hanya shi da iyalinsa.

DAGA PARI ZUWA MARSAI

Domin a fahimci al'amarin sosai, ya kamata a ɗauki hanya guda a bi ta daki-daki. Ga wadda ta tashi daga Pari, babban birnin Faransa, ta nufi kudu har Marsai a bakin tekun Bahar Rum. Tsawonta wajen kilomita 775 ne, watau ta fi Yamai zuwa Maraɗi, amma ba ta kai Yamai zuwa Damagaram ba. Babbar hanya ce irin wadda ake ce ma otorut. Daga Pari zuwa Liyon lambarta A6, tana bi ta kusa da Auxerre, Beaune da Mâcon. Daga Liyon zuwa Marsai lambarta A7, tana bin kwarin kogin Rhône ta Valence, Montélimar da Orange. Faransawa suna ce mata hanyar rana, domin ita suke bi lokacin babban hutu su tafi bakin teku. Doka ta yarda a yi gudun kilomita 130 a awa bisanta, in ana ruwa kuwa 110.

Direban mota mai lantarki, kafin ya tashi, yakan rubuta sunan garin da za shi bisa wani allon gilashi da ke gabansa. Nan take na'urar lissafin motar ta ba shi amsa kashi uku. Na farko, lokacin isa. Na biyu, sunayen wuraren da zai tsaya shan wuta, da mintocin da zai yi a kowane. Na uku, abin da zai rage cikin batir sa'ad da ya isa kowane zango, kamar a ce kashi 12 bisa ɗari. Waɗannan alƙaluma uku a ɗaure suke da juna. In ɗaya ya motsa, sauran biyun sun motsa.

LITA DA KILOWAT-AWA

Mai ana auna shi da lita. Wutar lantarki kuwa ana auna ta da kilowat-awa, wannan ma'auni da ke rubuce bisa takardar kuɗin wuta ta NIGELEC. Kada a haɗa shi da kilowat. Kilowat-awa shi ne yawan abin da ke cikin randa, kilowat kuwa shi ne ƙarfin zubar ruwa daga bakin famfo. Famfon wuta mai ƙarfin kilowat 60, in ya yi awa guda yana zuba, ya ba da kilowat-awa 60.

Batir ɗin matsakaiciyar mota ta yanzu yana ɗaukar kilowat-awa 50 zuwa 80. Litar man fetur guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen kilowat-awa 9. Ke nan batir mai kilowat-awa 60 bai kai ƙarfin lita 7 na mai ba, ga shi kuwa nauyinsa ya kai ɗaruruwan kilo. Abin da ya sa wannan ɗan guzuri ke kai mota nesa shi ne injin lantarki ba ya ɓarna. Mafi yawan abin da ya ci yana komawa tafiya, alhali injin mai yana zubar da kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye, ta hanyar zafi da hayaƙi. Duk da haka guzurin kaɗan ne, kuma mai ɗan guzuri shi ne ke jin ciwon kowace loma da ta faɗi.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Motar da ta fara wuce kilomita 100 a awa cikin duniya mai lantarki ce. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, shi ya tuƙa ta a Achères, kusa da Pari, cikin shekarar 1899. Tun wancan zamani gudu bai gagari motar lantarki ba. Nisa ne ya gagare ta, shi ya sa motar mai ta ƙwace hanya har shekara ɗari.

ABUBUWAN DA KE CINYE WUTA

Kowane kamfani yana rubuta nisan da motarsa ke yi da batir cike. A Turai ana samun wannan adadi ta wani gwaji da ake ce ma WLTP, wanda aka fara aiki da shi a 2017. Gwajin na minti 30 ne, cikin ɗaki mai zafin digiri 23, nisansa wajen kilomita 23, kuma matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 47 a awa ba. Gwaji ne na gaskiya, yana da amfani wajen gwama mota da mota. Amma ba tafiyar otorut ba ce. Motar da aka rubuta ma kilomita 450, in aka sake ta bisa 130, da wuya ta wuce 300.

Babban dalili shi ne iska. Mota tana tafiya ne tana ture iskar da ke gabanta, kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi. In gudu ya ninka sau biyu, turjiya ta ninka sau huɗu. Tsakanin 110 da 130, ƙarin gudun bai kai kashi 20 bisa ɗari ba, amma turjiyar iska ta ƙaru da wajen kashi 40. Akwatin kaya bisa rufin mota, ko kekuna da aka ɗaura a baya, su ma suna ƙara ma motar wannan wahala.

Sa'an nan akwai iskar Allah. A kwarin Rhône akwai wata iska mai ƙarfi da ake ce ma mistral, wadda ke busowa daga arewa ta yi kudu. Mai zuwa Marsai tana tura shi daga baya, ya ga wuta tana yi masa auki. Ran komowa kuwa tana dukan gaban motar. In tana busawa da ƙarfin kilomita 30 a awa, mai gudun 110 daidai yake da mai gudun 140 wajen kokawa da iska. Direbobi da yawa sun ruɗu ta nan, suka ɗauka lissafin zuwa shi ne na dawowa.

Hawa ma yana da nasa haraji. Ɗaga mota mai nauyin tan 2 zuwa tudun mita 1,000 yana cin kilowat-awa 5 da rabi, kusan ushirin batir mai 60. Hanyar A6 tana hawa har mita 565 kafin ta gangara Beaune. Sai dai a nan motar lantarki tana da wata baiwa. Wajen gangara injinta yana juyewa ya zama mai samar da wuta, ya mayar ma batir wani kashi na abin da hawa ya ci. Saboda haka direba kada ya firgita a kan tudu, kada kuma ya saki jiki a gangare.

Na ƙarshe shi ne sanyi da zafi. Motar mai tana ɗumama fasinjoji kyauta da zafin da injinta ke zubarwa. Motar lantarki ba ta da wannan rarar, dole ta ɗebo daga batir. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar. Ta samu cewa cikin sanyin digiri 7 ƙasa da sifiri, in an kunna na'urar ɗumi, nisan tafiya yana raguwa da kashi 41 bisa ɗari. Cikin zafin digiri 35, in an kunna na'urar sanyi, yana raguwa da kashi 17.

BATIR KAMAR BUHU YAKE

A gida, mota tana shan wuta sannu sannu. Famfon gida mai kilowat 7 yana ɗaukar wajen awa 9 kafin ya cika batir mai 60, watau dare guda. A bakin otorut kuwa akwai manyan famfuna masu kilowat 50, da 150, har 350, kamar na kamfanin Ionity wanda wasu manyan masu ƙera motoci suka haɗa kai suka kafa a 2017. Mai karatu yana iya cewa, to, ai batir mai 60 a famfo mai 350 minti 10 ya cika. Ba haka abin yake ba, saboda dalili biyu.

Na farko, lambar da ke jikin famfo iyakar ƙarfinsa ce, amma mota ita ke faɗin abin da za ta iya haɗiyewa. Renault Zoe ta 2019 ba ta karɓar fiye da kilowat 50. Renault Mégane mai lantarki tana kai 130. Hyundai Ioniq 5 tana wuce 200, har kamfaninta ya ce tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18. Famfo ɗaya, motoci uku, zama iri uku.

Na biyu, batir ba ya shan wuta bai ɗaya daga ƙasa har sama. Kamar buhun gero yake. Sa'ad da babu kome ciki, sai a yi ta juye masa da ƙwarya. In ya kusa baki kuwa sai an girgiza, an danna, an riƙa zubawa da tafin hannu, in ba haka ba ya yage. Cikin batir akwai ƙwayoyin sinadarin lityom da ke neman gurbin zama. In gurabe sun ragu aka ci gaba da tura su da ƙarfi, batir ya yi zafi, ya lalace tun kwanansa bai ƙare ba. Saboda haka na'urar da ke tsaron lafiyarsa tana rage ƙarfin wuta da kanta. A motoci da yawa, cikon kashi 20 na ƙarshe yana cin lokaci kusan daidai da wanda aka ci daga 10 zuwa 80.

Daga nan aka samu ƙa'idar da gogaggun direbobi ke bi: a iso zango batir ya yi ƙasa, a bar zango tun bai cika ba. Sabon direba yakan ji tsoro ya tsaya da rabin batir, ya zauna har ya cika fam, yana ganin ya yi dabara. Gogagge kuwa ya iso da kashi 10, ya sha abin da zai kai shi zango na gaba da ɗan rara, ya kama hanya. Sau da yawa tsayawa uku ta minti 20 ta fi tsayawa biyu ta minti 45 sauri.

Har wa yau batir yana da zafin da yake so, kamar digiri 25 zuwa 35. In ya yi sanyi ƙwarai ba ya karɓar wuta da ƙarfi. Shi ya sa motocin yanzu, in an gaya masu za a tsaya shan wuta, suke ɗumama batir tun a hanya. Wanda ya san wurin da kansa, ya ƙi rubuta shi bisa allo, yana iya isa da batir mai sanyi, minti 25 su zama 45. Zafi mai yawa shi ma haka. A 2018 masu Nissan Leaf mai kilowat-awa 40, wadda batir ɗinta ba shi da ruwan sanyaya shi, sun lura cewa a doguwar tafiya shan wuta na biyu da na uku yana yin nawa ƙwarai, domin batir ya ɗauki zafi bai huce ba.

GA LISSAFIN A FILI

A ɗauki misalin mota mai batir kilowat-awa 60, wadda ta tashi daga Pari cike, ana so ta shiga Marsai da saura kashi 10. Ke nan kilowat-awa 54 ne za ta ci daga guzurin gida, sauran sai a hanya. A ƙaddara tana cin kilowat-awa 22 kowane kilomita 100 in ana gudun 130, tana cin 18 in ana gudun 110. A ƙaddara kuma hanya fayau take, famfo yana ba ta kilowat-awa ɗaya da rabi kowane minti, kuma kowace tsayawa tana cin ƙarin minti 5 na fita hanya, da saƙala waya, da komawa.

Mai gudun 130 zai yi minti 358 bisa kwalta. Tafiyar za ta ci masa kilowat-awa 170, watau sai ya nemi 116 a hanya. Tsayawa uku ke nan, minti 78 na shan wuta da 15 na shiga da fita. Jimla awa 7 da rabi.

Mai gudun 110 zai yi minti 423 bisa kwalta. Tafiyar za ta ci masa kilowat-awa 140, sai ya nemi 86 a hanya. Tsayawa biyu ke nan, minti 57 na shan wuta da 10 na shiga da fita. Jimla awa 8 da minti 10.

Abin lura a nan shi ne, gudu ya yi alkawarin ribar minti 65, amma minti 40 kaɗai ya biya. Sauran an mayar da su a zango, ga kuma kuɗin ƙarin kilowat-awa 30. In kuwa motar irin mai shan wuta a hankali ce, wadda ke karɓar rabin wancan ƙarfi, mai gudun 130 zai yi awa 8 da minti 48, mai gudun 110 ya yi awa 9 da minti 7. Ribar duka ba ta kai minti 20 ba, kuma layi guda a zango na uku ya isa ya cinye ta. Ke nan babu gudu ɗaya da ya dace da kowace mota. Mai saurin shan wuta gudu yana yi mata rana. Mai nawar shan wuta kuwa, a kanta ne maganar nan ta tabbata, cewa sauri ya haifi nawa.

ABIN DA NA'URA TA SANI

Ba a sa ran direba ya riƙa yin wannan lissafi da alƙalami yana tuƙi. Aikin na'ura ne. Kamfanin Tesla na Amurka ya buɗe tashoshinsa na farko guda 6 a jihar Kaliforniya a 2012, kuma a 2015 ya sa ma motocinsa tsarin da ke zaɓen zango da kansa. Yau mafi yawan kamfanoni suna da irinsa. Akwai kuma waɗanda ake sa ma wayar hannu, kamar A Better Routeplanner, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro.

Na'ura mai kyau tana duba taswira mai nuna hawa da gangara, da dokar gudu ta kowane yanki, da cunkoson hanya, da zafin gari, wasu har da iska. Tana sane da yadda batir ɗin wannan mota ke shan wuta, da ƙarfin kowane famfo, wani lokaci har da yawan famfunan da babu kowa a kansu. Tana gwada tsari iri iri, ta zaɓi wanda ya fi gajarta, kuma tana sake lissafi ana cikin tafiya.

Sai dai alƙaluman da ke gaban direba ba darajarsu ɗaya ba. Akwai wanda ke cewa saura kilomita kaza. Wannan a motoci da yawa baya yake dubawa, yana ɗora lissafinsa bisa tuƙin da aka yi ɗazu. In an yini ana yawo cikin gari sai ya yi alkawari mai yawa, da an hau otorut ya fara zubewa kamar ruwa a rariya. Har direbobi suka yi masa sunan ba'a, suna ce masa ma'aunin kintace. Wanda ya fi cancanta a sa ma ido shi ne mai nuna abin da zai rage in an isa zango, domin shi gaba yake dubawa. In da farko ya ce 15, bayan rabin awa ya koma 11, sa'an nan 8, to, akwai abin da ke cin wuta fiye da zato. Maganin yana ƙarƙashin ƙafar direba. Ya rage kilomita 10 ko 15 daga gudunsa tun da sauran nisa, zai ga adadin ya tsaya, har ya fara hawa.

ABIN DA NA'URA BA TA GANI

Na'ura ta san wuta, ba ta san mutane ba. Famfon mai guda yana sallamar mota 12 a awa. Famfon wuta guda, in kowace mota tana yin minti 30, mota 2 kaɗai yake sallama. Tasha mai famfo 4 ke nan mota 8 a awa. Wanda ya iso ya tarar da mota 8 gabansa cikin layi zai jira wajen awa guda kafin ma ya saƙala wayarsa. A Faransa akwai hukumar da ke hasashen cunkoson hanya tun 1976, ana ce mata Bison Futé, tana raba ranaku kore, ruwan lemo, ja, da baƙi. Asabar ɗin ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, sa'ad da masu dawowa hutu ke gamuwa da masu tafiya, galibi baƙa ce. A irin wannan rana lissafin safe ba ya kai azahar.

Ban da layi, akwai famfon da ya lalace, da wanda ya ƙi karɓar katin biya, da tashoshin da mota biyu ke raba ƙarfin wuta ɗaya. Irin wannan ba ya barin babba ko yaro, kuma ba a Faransa kaɗai ba. A 2023 ministar makamashi ta Amurka ta lokacin, Jennifer Granholm, ta yi tafiyar kwana 4 da motocin lantarki daga Charlotte zuwa Memphis, domin ta nuna ma jama'a abin yana yiwuwa. A wani gari mai suna Grovetown cikin jihar Jojiya, ƴan gaban ayarinta suka tarar famfunan ba za su isa ba, ɗaya ma ya lalace. Sai wani ma'aikaci ya ajiye motar mai a gurbin da ya rage domin ya kama ma ministar wuri. Wasu matafiya da ke ɗauke da jariri cikin zafin rana suka kira ƴan sanda. Labarin ya bazu cikin ƙasar duka. A watan Janairu na 2024 kuma, a birnin Cikago, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, batura suka ƙi shan wuta da sauri, layi ya yi tsawo, har aka janye wasu motoci da wuta ta ƙare masu suna jira.

Amma ba kowane minti na zango ne asara ba. Hukumomin tsaron hanya na Faransa suna yi ma kowane direba gargaɗi ya huta bayan kowace awa 2, ko wace irin mota yake ja. Mutum dole ya ci, ya kewaya, ya miƙe ƙafa, balle mai tafiya da yara. Wanda ya haɗa cin abinci da shan wuta ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma a irin wannan zango ne ya dace a bar batir ya wuce kashi 80. Sai dai ya kula, wasu kamfanoni suna cin tarar kowane minti in mota ta cika aka bar ta tana tare gurbi. Wani mai gwajin motoci a Norwe, Bjørn Nyland, ya shahara da auna lokacin da mota ke ɗauka ta yi kilomita 1,000 har da zangunanta. Motocin da suka fi ƙwazo a gwajinsa suna gama wannan nisa cikin ƙasa da awa 10.

RABON HUKUMA

Lissafin direba ba ya tsayawa daidai sai in tasha tana inda aka ce, tana kuma aiki. Wannan kuwa ya fi ƙarfin direba. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Faransa ta fid da doka cewa dukan wuraren hutu masu gidan mai bisa otorut ɗin da kamfanoni ke riƙe da su su kafa famfunan wuta masu sauri kafin 1 ga Janairu 2023. Ƙasar ta yi niyyar samun famfuna 100,000 na jama'a a ƙarshen 2021, amma ba ta kai ba sai watan Mayu na 2023. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2023, cewa bisa manyan hanyoyin da ke haɗa ƙasashenta a sami tasha mai sauri kowane kilomita 60, a iya biya da katin banki a sababbin famfuna masu ƙarfi, kamfanoni kuma su riƙa sanar da ko famfo yana aiki, ko akwai mota a kansa. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin da shi ne na'urar mota ke ganin layi tun daga nesa, ta kauce masa.

Duk ƙasar da ke tunanin irin waɗannan motoci tana da abin dubawa a nan. Bisa hanyar Yamai zuwa Damagaram, tazarar manyan garuruwa, watau Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, ba ta kai kilomita 200 ba tsakanin kowane da na gabansa, kuma wannan bai fi ƙarfin batir ɗin yanzu ba. Amma zafin bazara yana wuce digiri 40, iskar hunturu tana dukan gaban mai tafiya gabas, kuma famfo guda mai kilowat 150 yana jan wutar da ta kai ta fanka 2,000. In aka ɗauke wuta a zango, babu na'urar da za ta iya faɗin lokacin isa. Sayen mota shi ne mai sauƙi. Wutar da za ta tarar a hanya ita ce aikin.

GA MATAFIYI

Ma'aikacin da aka aika taro ko ƙaro ilmi waje, aka miƙa masa makullin motar haya mai lantarki, zai amfana da waɗannan abubuwa biyar.

1. Ya tashi da batir cike tun daga masauki, ya tabbata yana da hanyar biyan kuɗin wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Ya rubuta zangonsa bisa allon motar ko da ya san hanya, domin ta shirya batir.

3. Ya zaɓi tasha mai famfuna da yawa, ya kuma san wata ta biyu kusa da ita. Kada ya iso da abin da ba zai kai shi ta biyun ba.

4. Ya bar zango wajen kashi 80, sai fa in zango na gaba yana da nisa, ko yana cikin cin abinci.

5. Ya sa ido ga abin da zai rage a zango na gaba. In ya ga yana raguwa, ya sassauta gudu tun da wuri.

In kuma masu jiransa suka buga waya suna tambaya ƙarfe nawa zai iso, ya duba abin da allo ya ce, ya ƙara minti 10 bisa kowane zango da ya rage, ya ƙara awa guda in ranar cunkoso ce, sa'an nan ya faɗa masu.